Jiran ƙwaya ɗaya a majong: uku ba ta fi biyu ba?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni kan tanki, wato jiran ƙwaya ɗaya tilo a majong, don jiya da takaici na kwana. A manhajar Mahjong Soul ne, ɗakin Azurfa, Gabas 3, ina kujerar kudu. A zagaye na 8 hannuna ya kai tenpai (saura ƙwaya ɗaya ya cika) na citoi, hannun tagwaye bakwai: tagwayen 3 da 9 na man, 2 da 7 na pin, 4 da 8 na so (man, pin da so su ne ire-iren ƙwayoyi masu lamba). Saura ƙwayoyi biyu marasa abokai, iskar yamma da 5 ta pin, dole in yar da ɗaya in jira ɗayar. Yamma ɗaya ta riga ta faɗa kogi, wato cikin waɗanda aka yar, tun zagaye na 2, wato saura biyu. Ita kuwa 5 ta pin ko ɗaya ban gani ba, uku cur. Na ce ai lissafi a fili yake, na jefa yamma na buga rici (shelar cewa ƙwaya ɗaya nake jira, ba sauran canza hannu). Wallahi kafin a zagayo kaina sai ga yamma daga na gabana. Biyar kuwa har aka tashi ban ga ƙeyarta ba. Don Allah ku faɗa mini, uku ba ta fi biyu ba?

Kawu_Tanko:
Wa alaikumus salam. Ni da na ga an ce tanki na zaci na ruwa ne ya fashe maka. Kuma yaro ka daina cewa ka kwana jiran ƙwaya a bainar jama'a, kada mutanen gida su ji su kira maka taron dangi.

Malam_Furiten:
Abba, uku ta fi biyu a allo. A teburi kuwa ba waɗanda suka rage a duniya kake ƙirgawa ba, waɗanda za su iya isowa gare ka kake ƙirgawa. Dubi 5 ta pin. Tana shiga 345, tana shiga 456, tana shiga 567, ga shi ɗaya daga cikin huɗun ja ce mai ƙara han, wato darajar hannu. Duk wanda ya ja ta zai sami inda zai kwantar da ita. An kai zagaye na 8 ba ka ga ko ɗaya a kogi ba, wannan ba albishir ba ne, alama ce cewa wataƙila suna kwance a hannun mutane. Yamma fa? Ba ta shiga jeri ko kaɗan. Sai dai tagwaye ko 'yan uku, kuma a zagayen gabas ba ta ba kowa yaku (sharaɗin da ke ba hannu damar ci) sai wanda ke zaune a kujerar yamma. Wa ya yar da ta farkon?

Abba_Fagge:
Na kujerar yamman ne da kansa, Malam.

Malam_Furiten:
To ka gani. Mai kayan ma ya ce ba ya so. Sauran biyun kuma ba ta da amfani gare su tun asali. Biyun nan da suka rage, ko suna bango, inda ake jan ƙwayoyi, ko wani ya ajiye ɗaya don kare kai. In tana bango, duk wanda ya ja zai wurgo ta. In ajiyar kare kai ce, ricinka ne ma zai fito da ita. Ka bar biyu masu rai ka bi uku da aka riga aka yi wa aure.

Ummi_Pinzu:
Na yarda da Malam kan zaɓin, amma akwai gyara a labarin Abba. Yamman da ta fito bayan ricinka ba hujja ba ce. Kai ka yar da ita, ta zama genbutsu, doka ta hana ka cin ta, shi ya sa na gabanka ya jefo ta hankali kwance. Da 5 ta pin ka yar ba lallai ya saki yamman a daidai wannan lokacin ba. Kada mu riƙa auna shawara da abin da ya biyo baya, in ba haka ba ranar da 5 ta zo maka a ja na farko za ka ce kai ne gwani.

Abba_Fagge:
Kai, ban ma yi wannan tunanin ba. Na gode Anti Ummi.

Bash001:
Ni dai ban ga laifin Abba ba. Ku kullum tunaninku wa zai jefo, wa zai jefo. Ni ba na jiran sadakar kowa, da hannuna nake ja. Uku a bango ta fi biyu a bango, kuma in jar biyar ce ta zo ga ƙarin han.

Ummi_Pinzu:
Wa ya ce maka ukun suna bango?

Bash001:
Wa ya ce miki ba sa can?

Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri, satina uku da fara wasan. Mene ne tanki, mene ne citoi?

Zee_Tudunwada:
Barka da zuwa ƙanina. Cikakken hannu ƙwaya 14 ne: rukuni huɗu na uku-uku, da tagwaye ɗaya. In rukunanka huɗu sun cika, saura ƙwaya ɗaya tilo tana neman abokiyarta don ta zama tagwaye, wannan jiran shi ne tanki. Tunda kowace ƙwaya huɗu ce a cikin 136 ɗin, kai kuma kana riƙe da ɗaya, iyakar abin da za ka jira uku ne. Kwatanta da mai 45 yana jiran 3 ko 6, shi takwas yake jira. Citoi kuma hannu ne na daban, tagwaye bakwai, han 2 da fu 25 (fu ƙananan makin lissafi ne), kuma kullum da tanki yake ƙarewa. Abin da ya sa ake muhawara a kai shi ne, a sauran jira hannu ne ke zaɓar maka, a tanki kai ke zaɓa.

Mai_Lissafi:
Bari mu sa lamba a maganar Bash. Hannun Abba ba na oya (mai kujerar gabas) ba ne, babu dora (ƙwayar garaɓasa mai ƙara han). Rici da citoi han 3 ne, ron (cin ƙwayar da wani ya jefa) 3200. In ya ja da kansa han 4, jimilla 6400. Jar biyar za ta ƙara han ɗaya, gaskiya ne, amma ita ɗaya ce cikin ukun, kuma ita ce ƙwayar da ba wanda zai saka bayan an yi rici. Da a ce hannun ba shi da tagwayen 9 na man, jiran 5 zai ba da tanyao (hannun da duk ƙwayoyinsa 2 zuwa 8 ne), ron ya koma 6400 tabbas, da sai a zauna a yi magana. A wannan hannun kuwa 9 ta riga ta kashe tanyao. Wato ya sayar da jira mai kyau bai karɓi komai ba.

DanDamagaram:
Ina gaida mutanen Kano. Ni tambayata ga Malam: da a ce yamman ba a yar da ko ɗaya ba fa? Uku ke nan kamar biyar ɗin. Ashe ba ta fi wadda aka yar da ɗaya ba?

Malam_Furiten:
Nan ne ake raba gari, ɗan'uwa. Da wuri, zagaye na 4 ko na 5, ni ma zan ɗauki wadda ba a taɓa ba, don ba a gama zubar da iskoki ba tukuna. Amma in an kai zagaye na 10 wata iska ko dodo (ƙwayoyin da ba su da lamba) bai leƙo kogi ba, tambayi kanka ina suke. Galibi wani na riƙe da tagwayensu yana jiran pon, wato ya kira ta ukun in wani ya yar. Kai da ɗaya, shi da biyu, saura ɗaya, kuna zaman doya da manja. Sannan wanda ke gudun ricinka yana tsoron wadda bai taɓa gani ba, amma wadda aka yar da ɗaya yana ganin ta da sauƙi. Shi ya sa a tsakiyar wasa na fi son wadda aka yar da ɗaya, musamman iskar da ba ta kowa ba.

Ummi_Pinzu:
Ƙari a kan haka, in mai tagwayen nan ya yanke shawarar ja da baya, tagwayen iska ne abin da ya fi so ya warware, don yana ganin in ta farko ta wuce ya sami zagaye biyu lafiya. To a nan ko wadda ba a taɓa ba tana iya fitowa. Ya danganta da ko mutanen teburin masu gudu ne.

DanDamagaram:
A ɗakin Tagulla da nake ba mai gudu. Ko ka yi rici sau goma kowa hannunsa yake kallo.

Malam_Furiten:
Ai daɗin jiran iska ke nan. Mai gudu zai jefa ta don yana ganin ba haɗari, mai kutsawa zai jefa ta don ba ta da amfani gare shi. Ta kowace ƙofa tana fitowa.

Kawu_Tanko:
Kamar dara ce. Ba inda kake so ya taka za ka tsare ba, inda ba shi da zaɓi sai ya taka.

Zee_Tudunwada:
To jigoku fa? Ni ina jin daɗinta ƙwarai. Biyu a kogi, ɗaya a hannuna, ɗaya tal ta rage. Ba wanda ke zargin ta, ko ƙwararre yana jefo ta ba tare da ya tsaya ba.

Mai_Lissafi:
Tana da daɗi ranar da ta zo. Amma dubi wannan. A ce an ja 32, ba wanda ya yi kira. Bangon da ake ja 70 ne a farko, saura 38. Hannun mutum uku 39. Mataccen bango 14 ne, ɗaya a buɗe take mai nuna dora, saura 13 a rufe. Jimillar abin da ba ka gani 90. Damar cewa ƙwayarki ɗaya tana cikin 13 ɗin nan da ba za a taɓa ja ba kusan ɗaya cikin bakwai ce. In kuma muka ɗauka ba wanda ya riƙe ta, tunda iska ce marar amfani, sai ya zama 13 cikin 51, kusan ɗaya cikin huɗu. Wato sau ɗaya cikin huɗu kin ba da sandar 1000, kin ɗaure hannunki, kina jiran gawa. Mai biyu kuwa sai duka biyun sun faɗa can kafin ya mutu, kuma wannan da wuya.

Zee_Tudunwada:
Sauran ukun cikin huɗun fa? Ai tana zuwa.

Mai_Lissafi:
Tana zuwa, amma yaushe? In ita ce ta 35 cikin 38, wani ya daɗe da cinye hannun.

Sadiq_Osaka:
Sannunku, yanzu na dawo daga makaranta na tarar da zance ya yi nisa. Maganar yamma ta tuna mini da wasan da har yau ake ambato a nan Japan. A M.League, gasar ƙwararru da aka fara a 2018 wadda ake nunawa a ABEMA, a shekarar 2020 Kurosawa Saki ta haɗa suanko, 'yan uku huɗu duk a rufe, tana jiran tanki a kan yamma. Uchikawa Kotaro ya jefa yamman. Ƙwararre ne fa, ba ɗan koyo ba, amma yamma ta yi masa kama da ƙwayar da ba komai. Har yanzu in aka ce "sha", wato yamma, a gaban masu kallon gasar, sun san wane dare ake nufi. Abba, ka ga irin abin da ka wurgar.

Abba_Fagge:
Haba Sadiq, kana ƙara wa miki gishiri.

Sabon_Shiga:
Na ga wani ya ci 64000 da irin wannan hannun. Haka yake?

Sadiq_Osaka:
Ya danganta da inda kake wasa. Mahjong Soul na lissafa suanko tanki yakuman biyu (yakuman shi ne matakin maki mafi girma), shi ya sa ka ga 64000 ga wanda ba oya ba. A dandalin Tenhou da M.League yakuman ɗaya ne, 32000, ko 48000 ga oya. Amma ko a can tanki na da fifiko babba: kana iya cin sa ta ron. In kuwa 'yan uku uku gare ka da tagwaye biyu, sai ka ja da kanka zai zama yakuman. In wani ya jefo, na huɗun ba a rufe yake ba, sai ya sauko toitoi da sananko, masu ƙarancin maki.

Nura_Gusau:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa, maki kaza, sanda kaza. Wannan abin ba caca ba ce kuwa?

Bash001:
Ko sisi ba ma sawa, Malam Nura. Makin nan ko kati ba ya saya.

Sarkin_Gida:
Malam Nura, tambayarka na da muhimmanci, amma akwai zaren da aka buɗe mata daban, a can ake tattauna ta. Dokar gidan nan dai tana nan: ba wasan kuɗi, kuma in an kira salla a tashi. A koma kan tanki.

DanDamagaram:
To ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne lokacin buga rici. Sau da yawa ina kai tenpai na citoi da ƙwayoyi biyu duk na tsakiya, a ce 4 da 6. In buga nan take ko in yi shiru in jira mai kyau?

Ummi_Pinzu:
In da wuri ne, yi shiru zagaye ɗaya ko biyu. Ba kamar kancan (jiran ta tsakiya, kamar 46 na jiran 5) ba ne da sai takamaimiyar ƙwaya za ta gyara shi. A tanki kusan duk abin da ka ja sabon ɗan takara ne: iska, dodo, 1, 9, duk sun fi 4 da 6. Ba ka daɗewa ba ka samu ba. Amma kada ka mai da shi sana'a. Na san masu canza jira sau biyar suna neman wadda ta fi kowace kyau, har wani ya riga su rici, su koma suna zubar da tagwayensu. Da ka sami mai dama-dama, buga.

Malam_Furiten:
Kuma a kula da abin da ya ba ni sunana. Duk ƙwayar da ka taɓa yarwa, ba ka komawa jiranta ka ci ta ron. Wata rana na yar da arewa a zagaye na 3, na manta, a zagaye na 11 na sake jan ta, na ce ga jira na sarauta, na yi rici. Arewa ta fito, maɓallin ron bai fito ba. Na zaci intanet ne ya tsaya, har na fara zagin waya. Sai da na duba kogina na ga ta tana kallona. Tun daga ranar kafin in zaɓi tanki sai na karanta kogina daga farko.

Kawu_Tanko:
Allah sarki Malam. Ashe gwani ma ya taɓa faɗuwa a rijiyar da ya haƙa.

DanDamagaram:
In ina shirun sai 6 ɗin ta fito fa? In ci 1600 ko in ƙyale?

Bash001:
1600? Wannan ai kuɗin shayi ne. Ƙyale.

Mai_Lissafi:
Ni ina ci, sai dai in ƙarshen wasa ne kuma 1600 ba za ta canza matsayina ba. Ka tuna cin 1600 yana kashe hannun mutum uku, wanda ba ka san girmansu ba. Amma dalilin da ya sa rici ke da nauyi a citoi shi ne ura dora, ɓoyayyar dorar da ake buɗe wa mai rici in ya ci. Komai naka tagwaye ne, don haka in ura ta faɗo, biyu take faɗowa. Iri bakwai gare ka, damar ta kai kusan ɗaya cikin biyar. Sai 3200 ta koma mangan 8000, in kuma da kanka ka ja ta zama haneman 12000. Shi ya sa zama shiru har abada da citoi asara ce.

Zee_Tudunwada:
Ku zo nan. Dora fa? A ce zaɓin tsakanin yamman Abba ne da dora 5 ta pin. Malam, har yanzu yamma?

Malam_Furiten:
A'a Hajiya, nan kiɗa ya canza. Tagwayen dora han 2 ne. Citoi da dora biyu ko shiru ka yi 6400 ne, in ka ja 8000. Da rici kuwa ron 8000, ja 12000. Kuɗin ron ya ninka fiye da sau biyu. Sannan in ka yar da dora 5 a zagaye na 8 kai ma kana iya faɗawa hannun wani. Ni ina riƙe ta.

Bash001:
Alhamdu lillahi, yau Malam ya shigo layina.

Malam_Furiten:
Ban shigo ba. Kai kana riƙe 5 ko ba a biya ka ba.

Ummi_Pinzu:
A dora ta tsakiya ni shiru nake yi galibi. Ko ba rici mutane ba sa son sakin ta, balle an yi. Amma in dorar iska ce ko 9, kuma da wuri ne, wani da hannunsa ya yi sauri zai gaji da riƙon ta ya saki. Nan ma shirun na da riba. Rici nake yi in ina neman 12000 ɗin dole.

Zee_Tudunwada:
Ni kuwa bugawa nake. Tunda ba za a jefo ba ko ta yaya, gara in tsorata su su bar mini bango in yi ta ja.

Sadiq_Osaka:
Duka biyun ana yi. A nan ma na ga manya suna saɓani a kai.

Aliyu_Suji:
Ba wanda ya ambaci tarko. In babu iska a hannu, dubi koginka. Ka yar da 4 ta so, jira 1 ta so. Mai gudu zai ce 4 ta wuce, 1 ba za ta shiga jiran 23 ba, sai ya jefo. Ka yar da 6, jira 9. Wannan lissafin, wato suji, daga jira mai baki biyu kawai yake kare mutum, ba ruwansa da tanki. A hannun Abba ma, da ya yar da 5 ta pin, 2 da 8 na pin sun zama abin da za a ɗauka lafiya.

Ummi_Pinzu:
Gaskiya ne, amma da sharaɗi biyu. Na farko, tarkon suji sai wanda ya san suji yake kamawa. A ɗakin DanDamagaram ka ɗana shi ka kwana ba wanda ya lura. Na biyu, in 4 ɗin ita ce ƙwayar da ka buga rici da ita, masu wayo suna zargin sujinta. Wadda ka yar tun da wuri ta fi aiki. Shi ya sa a wurina iska na gaba, 1 da 9 na suji na biye, sai 1 da 9 haka kawai, sai 2 da 8, na tsakiya su ne ƙarshe.

Aliyu_Suji:
Amma su masu wayon ai suna karanta citoi ma. In suka ga ka zubar da 4, 5, 6 tun farko, iskoki suka fito daga baya, sun san tagwaye kake tarawa, sai su riƙe iskar su jefa ta tsakiya. Ya faru da ni a Tenhou fiye da sau ɗaya.

Malam_Furiten:
Yana faruwa. Sai dai ko ya karanta, in genbutsu ya ƙare masa dole ya jefa wani abu, kuma iskar da aka yar da ɗaya har yanzu tana cikin na farko da zai duba. Ba na gina wasana a kan cewa kowa boka ne.

Sabon_Shiga:
Ni jiya na sami 3456 na man da rukuni uku cikakku. Na ɗauka 3 kawai nake jira, sai wasan ya nuna mini 6 ma. Shi ma tanki ne?

Zee_Tudunwada:
Sunansa nobetan. Ko 345 da 6 tilo, ko 456 da 3 tilo. Uku da uku, shida ke nan. A lissafin fu tanki ne, fu 2, don haka ba ka samun yakun pinfu ko da komai naka jeri ne. In ya yi tsawo, 2345678, kana jiran 2, 5, 8, tara. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tilo a jikin 'yan uku, kamar 4445: 5 ta cika tagwaye, 3 ko 6 kuma su mai da 44 tagwaye. Goma sha ɗaya! Don haka in kana zaɓen ƙwayar tanki a hannun da ba citoi ba, fara duba ko akwai wadda za ta manne da abin da kake da shi.

Malam_Furiten:
Kuma a nobetan in ka taɓa yar da 6, ita ma 3 ta haramta gare ka ta ron. Furiten ba ya raba ɗaya biyu.

DanDamagaram:
To nobetan mai shida ko yamma mai biyu?

Mai_Lissafi:
In 1234 ne ko 6789 ina ɗaukar shidan. In 3456 ne kuma an ga wasu a kogi, sai in tsaya in yi tunani.

Bash001:
Shida mana. Wannan ma tambaya ce?

Kawu_Tanko:
Bari in ba ku nawa labarin, na hadaka. Na yi pon, na yi ci (kiran cika jeri), na sake pon, na sake ci, sai na waiwaya na ga ƙwaya ɗaya ce tal a gabana, tsirara kamar yadda sunan ya ce. Oya ya buga rici. Duk abin da na ja, zaɓi biyu ne kawai: wannan ko waccan, kuma duka biyun wuta. Na ja 6 ta so ina riƙe da 3 ta pin. Na yi bismilla na jefa 6. Maki 12000 suka tafi, a kan hannun da ko na ci 1000 ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ummi_Pinzu:
Kawu, kira na huɗun ne ya kashe ka. Da ka tsaya a uku kana da ƙwaya huɗu na juyawa. Ga masu fuskantar mai hadaka kuma: ku manta da suji gaba ɗaya, kowa ya san tanki ne. Ku lura ko abin da ya ja yake jefarwa ko ta hannunsa. Muddin abin da ya ja yake jefarwa, jiransa bai canza ba, duk abin da ya wuce ta gabansa bai ci ba ana iya bi. Da ya sauya, lissafi ya koma sabo.

Abba_Fagge:
Jama'a na dawo. Na sa wasan a Mortal, na'urar nazarin majong, kamar yadda wani ya ba ni shawara ta bayan fage, ita ma 5 ta pin ta ce a yar. Sannan na sake kallon wasan da hannun kowa a buɗe. Biyar ɗaya tana hannun oya cikin 456, jar tana hannun na gabana cikin 567 tun zagaye na 4. Ɗaya ce kawai a bango. Yamma kuwa ɗaya na gabana ya ajiye, ɗayar tana bango.

Bash001:
To ai ga shi, ɗaya tana bango. Da ta zo da yanzu wani zance ake.

Ummi_Pinzu:
Abba, abin da na faɗa maka ɗazu ya shafi wannan ma. Hannu ɗaya da ka buɗe ba ya tabbatar da komai, ko da ya goyi bayanmu.

Mai_Lissafi:
Na'urar ma ba wahayi ba ce, amma in ita da Malam suka haɗu a kan abu, Bash, ka rage murya.

Bash001:
Ku zo teburi a gani. Ni da 5 ɗina, ku da iskarku.

Sarkin_Gida:
Za a buɗe ɗaki bayan isha'i. Bash, Abba, Anti Ummi, saura mutum ɗaya.

Kawu_Tanko:
Ku sa ni, in dai an kawo wuta. Wayata saura kashi 9.